Da wane harshe za a yi wa kwamfuta magana? Tarihin wata muhawara ta shekaru 50

 A yau za mu waiwayi baya ne, mu duba wata muhawara da masu rubuta manhajar kwamfuta suka shafe sama da shekaru 50 suna tafkawa, wato da wane harshe ya kamata a rubuta manhajar da ake son ta yi aiki a kan kowace irin na'ura. Kada mai sauraro ya ce ai wannan rigimar masana ce, babu ruwansa. Wayar salular da ke hannunka yanzu haka, amsar da aka ba wannan tambaya tun cikin shekarun 1970 ce take aiki a cikinta, da daɗinta da kuma ɗacinta.

Bari mu fara share fage. Ita dai kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Ƙwaƙwalwarta, wadda ake kira furosesa, lambobi kawai take ganewa, kuma kowane dangi na furosesa da nasa yaren. Na kamfanin Intel da ke cikin yawancin kwamfutocin ofis yarensa daban, na ARM da ke cikin wayoyin salula shi ma nasa daban. To shi mai rubuta manhaja yakan yi rubutunsa ne da wani harshe da ɗan Adam zai iya karantawa, sannan ya miƙa wa wata manhaja ta musamman, wadda za mu kira tafinta, ita kuma ta juya rubutun baki ɗaya zuwa yaren na'urar. Manhajar da aka fassara ta wannan hanya ita ce ta fi sauri, ta fi kuma tattalin batir, domin kai tsaye take magana da na'ura da harshen uwarta.

Matsalar ta fi tsanani ga masu buɗaɗɗiyar manhaja, wato irin wadda ake sakin rubutunta a fili, kowa ya ɗauka, ya karanta, ya gyara, ya kuma rarraba. Wanda ya rubuta ta bai san a kan wace na'ura za ta sauka ba. Idan ya zaɓi harshen da babu tafintansa a kan na'urarka, to ya yi maka kyautar da ba za ka iya buɗewa ba ke nan.

To madalla. Labarin namu ya soma ne a shekarar 1969, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a ƙasar Amurka. A wannan shekara wani matashi mai suna Ken Thompson ya samu wata ƙaramar kwamfuta ƙirar PDP-7 da ba a cika amfani da ita ba, ya rubuta mata uwar manhaja, wato manhajar da ke jan ragamar duk sauran, wadda daga baya aka raɗa wa suna Unix. Da yaren ita wannan na'ura ya yi rubutun, kamar yadda akasari aka saba a wancan zamani. Da cibiyar ta sayo sabuwar kwamfuta ƙirar PDP-11 a 1970, sai da aka sake rubuta komai daga farko, saboda sabuwar ba ta jin yaren tsohuwar. Ka ga kuwa wannan aikin baban giwa ne.

Abokin aikinsa Dennis Ritchie shi ne ya ɗauki wani ƙaramin harshe mai suna B, wanda Thompson ya tsakuro daga harshen BCPL na Martin Richards ɗan ƙasar Ingila, ya yi ta yi masa kwaskwarima tsakanin 1971 da 1973 har ya zama abin da ake kira C. A 1973 suka sake rubuta zuciyar Unix da wannan sabon harshe. Ba su ne suka fara irin wannan yunƙuri ba, domin uwar manhajar Multics da suka yi aiki a kanta a baya da harshen PL/I aka rubuta ta. Amma PL/I ƙaton harshe ne mai buƙatar ƙatuwar na'ura, shi kuwa C an ɗinka shi ne daidai jikin kwamfutar da ma'ajiyarta ba ta wuce kilobait 24 ba. Ƙaramin hoto guda a wayarka ya ninka wannan sau da yawa.

A nan ne nake so mai sauraro ya tattara hankalinsa, don kuwa a nan sirrin yake. Ƙanƙantar C ta sa rubuta masa tafinta bai da wuya. Kuma domin ya zama ƙarami mai sauri, ba a sanya masa mai gadi ba. Harshen yana ba mai rubutu damar shiga kowane lungu na ma'ajiyar kwamfuta, ya ɗauka ya ajiye yadda ya ga dama, bisa zaton cewa ya san abin da yake yi. Za mu dawo kan wannan zato nan gaba.

Abin mamaki, ba a Amurka aka fara tabbatar da cewa Unix za ta iya ƙaura zuwa baƙuwar na'ura ba. Kasancewar wata yarjejeniya da gwamnatin Amurka ta 1956 ta hana kamfanin AT&T, mamallakin Bell Labs, shiga kasuwancin da ba na tarho ba, sai ya riƙa ba jami'o'i Unix a kan ɗan kuɗi ƙalilan, haɗe da rubutunta na asali. Wata ƙaramar jami'a a garin Wollongong na ƙasar Ostireliya ta so ta yi amfani da ita, sai dai kwamfutar da take da ita ƙirar Interdata 7/32 ce, wadda ko kusa ba ta yi kama da PDP-11 ba. Wani ma'aikacin jami'ar mai suna Richard Miller ya ɗauki aikin. Ba shi da tafintan C a gida, don haka sai ya je birnin Sydney, tafiyar kimanin kilomita 80, inda wata jami'a ke da PDP-11, ya yi fassara a can ya dawo da ita ya gwada. A 1977 Unix ta tashi a kan na'urar Wollongong. A daidai wannan lokaci Ritchie da Steve Johnson su ma suna irin wannan aiki a Bell Labs da ƙirar Interdata 8/32, kuma Johnson ya rubuta wani tafintan C wanda aka tsara shi takanas domin a riƙa sauya masa na'ura cikin sauƙi. Daga nan fa hanya ta buɗe. Duk kamfanin da ya ƙera sabuwar kwamfuta, abu na farko da yake nema shi ne tafintan C.

Kada dai a ɗauka ƙaurar ta zo da sauƙi. Wasu na'urori daga dama suke jera lambobi a ma'ajiya, wasu daga hagu, har masu sana'ar suka laƙaba wa abin suna matsalar NUXI, domin kalmar UNIX da aka ajiye a wata na'ura tana iya fitowa a hargitse haka a wata. Littafin da Brian Kernighan da Ritchie suka wallafa a 1978 shi ne ya zama alƙali na tsawon shekaru, kafin hukumar ƙayyade ma'auni ta Amurka ta fitar da tsayayyun dokokin harshen a 1989, ta duniya kuma ta amince da su a 1990.

Sai kuma batun 'yanci. A watan Satumban 1983 Richard Stallman ya yi shelar shirin GNU, da nufin samar da uwar manhaja irin Unix wadda ba mallakin kowa ba. Shi kansa Stallman masoyin harshen Lisp ne, amma ya san ba zai je ko'ina ba sai da tafinta na kyauta. Da farko ya ɗauko wani tafinta daga cibiyar bincike ta Lawrence Livermore, wanda aka rubuta da wani reshe na harshen Pascal, ya yi ƙoƙarin ɗora shi a kan kwamfuta mai furosesa ƙirar Motorola 68000. Sai ya tarar tafintan yana cin ma'ajiya mai yawan da na'urar ba za ta iya bayarwa ba. Dole ya ajiye shi, ya rubuta sabo da harshen C, wanda ya fito a watan Maris na 1987 da sunan GCC. Ka ji fa, mai sauraro: mutumin da ya fi kowa taurin kai a kan aƙida, da aka zo zaɓen harshe, sai ya bi abin da na'urorin jama'a za su iya ɗauka.

Da wannan tafinta na GCC ne wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya gina Linux a 1991. A sanarwarsa ta watan Agustan wannan shekara, da bakinsa ya ce abin nasa ba ya ƙaura, an yi shi ne don furosesa ƙirar Intel 386 da yake da ita. A farkon 1992 Farfesa Andrew Tanenbaum na Amsterdam ya caccake shi a kan haka. Amma da yake mafi yawan rubutun da C aka yi shi, zuwa 1995 Linux ta hau na'urori irin su Alpha na kamfanin DEC, da SPARC, da MIPS. A yau tana aiki a kan dangin furosesa kusan 20, ita ce zuciyar wayoyin Android, kuma tun daga watan Nuwamban 2017 duka kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da ita suke aiki.

To ina sauran harsuna? Babban abokin hamayya shi ne C++, wanda Bjarne Stroustrup ɗan ƙasar Denmark ya soma a 1979, shi ma a Bell Labs. Ya fi C kayan aiki nesa ba kusa ba, kuma manyan ayyuka irin su KDE da Mozilla da shi aka gina su. Sai dai bai samu tsayayyun dokoki ba sai 1998, kuma kafin nan kowane tafinta da irin fahimtar da ya yi masa. Abin ya kai ga Mozilla ta fitar da jerin ƙa'idoji a 1998 tana hana ma'aikatanta taɓa wasu manyan sassan harshen, don gudun kada manhajar ta ƙi fassaruwa a wata na'ura. Torvalds kuwa ya gwada shi a Linux a farkon shekarun 1990 ya watsar, a 2007 kuma ya yi masa wankin babban bargo a bainar jama'a. Duk da haka lokaci ya yi halinsa, domin tun 2013 shi kansa GCC sai da tafintan C++ ake gina shi. Java da ya fito a 1995 wata hanya ya bi, ta tafiya da tafinta a aljihu duk inda aka je, amma shi wannan tafintan na aljihu da C da C++ aka rubuta shi.

Akwai wani dalili kuma da ya sa C ya yi kaka-gida, wanda mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Idan ka shiga zango a Kumasi ko wata kasuwa a Yawunde, za ka ga mutane masu harsuna daban-daban suna ciniki da Hausa, ba don ta fi nasu harshen ba, sai don ita ce kowa ya ɗan iya. Haka C yake a tsakanin harsunan kwamfuta. Python da Ruby da PHP, manyan tafintocinsu da C aka rubuta su, kuma kusan kowane harshe ya san yadda zai kira manhajar C ta yi masa aiki. Saboda haka wanda ya rubuta wani ɗan kayan aiki da C, ya rubuta wa kowa ne.

Alal misali ɗauki SQLite, wata ƙaramar manhajar adana bayanai da Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000. Tana cikin kowace wayar Android da iPhone, kuma a cikinta WhatsApp ke ajiye saƙonninka. Masu kula da ita sun ce suna da niyyar riƙe ta har zuwa 2050, kuma daga cikin dalilansu na zama a kan C har da cewa tsohon harshe ne da ba ya yawan sauya launi. Ko kuma curl ta Daniel Stenberg ɗan ƙasar Sweden, mai jigilar bayanai a intanet, wadda aka ɗora a kan uwayen manhaja sama da 100. A 2022 masu ita sun tattauna ko su koma dokokin C na 1999, suka ga gara su zauna a kan na 1989, don kada su bar wasu a baya. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ka tuna zaton nan da muka ambata, cewa mai rubutu ya san abin da yake yi? To ɗan Adam ajizi ne. A harshen C, idan ka tanadi mudu ɗaya ka zuba hatsin mudu biyu, babu mai tsayar da kai, ragowar sai ta malala cikin kwanon maƙwabci. Ɓarayin intanet kuwa sun gano cewa idan suka tsara abin da zai malala ɗin da kyau, za su iya ƙwace na'urar ɗungurungum. A watan Nuwamban 1988 wata tsutsar kwamfuta da ɗalibi Robert Morris ya saki ta bi ta irin wannan kafa, ta durƙusar da dubban na'urori a lokacin da intanet ɗin ma jaririya ce. Ɗan umarnin da ta bi ta cikinsa, mai suna gets, ba a cire shi daga dokokin C ba sai 2011. Shekaru 23 ke nan.

Wanda ya fi girgiza duniya shi ne na watan Afrilun 2014, da aka yi wa laƙabi da Heartbleed. Manhajar OpenSSL, mai kulle sirrin mu'amala tsakaninka da shafukan intanet, tana da wata gaisuwa da na'urori ke yi wa juna: ka aiko da kalma, ka faɗi tsawonta, a maido maka. Sai aka mance a sa ta ƙirga ko tsawon da ka faɗa gaskiya ne. Ka aiko da harafi 3 ka ce dubu 60 ne, sai ta kwaso maka duk abin da ke kusa a ma'ajiya, har da kalmomin sirri na bayin Allah. Kuskuren ya yi shekaru biyu a waje kafin a farga, kuma an ƙiyasta ya shafi shafuka kimanin rabin miliyan. A 2019 kamfanin Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa a kowace shekara daga kurakuran ma'ajiya suke, a 2020 kuma masu gina Chrome na Google suka ba da kusan wannan adadi.

Wannan ne ya share wa harshen Rust hanya. Graydon Hoare ya soma shi a 2006, Mozilla ta ɗauki nauyinsa, ya kuma fito a tsaye a watan Mayun 2015. Shi ma kai tsaye ake fassara shi zuwa yaren na'ura, saurinsa kuma kafaɗa da kafaɗa da C, amma tafintansa mai gadi ne mai tsanani. Tun kafin manhaja ta fita yake bin diddigin wane ne ke riƙe da wane yanki na ma'ajiya, in ya ga alamar ɓaraka ya ƙi fassarawa. Google ta ce a Android, bayan ta koma rubuta sababbin sassa da harsuna masu irin wannan kariya, kason ramukan ma'ajiya ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa kashi 24 a 2024.

Sai mai sauraro ya ce to ai magana ta ƙare, kowa ya koma Rust mana. Ina! A nan tsohuwar tambayar Wollongong ta sake ɗago kai: akwai tafinta a na'urata? Babban tafintan Rust a kan wani ginshiƙi mai suna LLVM yake tsaye, wanda bai kai GCC yawan na'urorin da ya sani ba. A watan Fabrairun 2021 masu kula da wata manhajar sirri da dubban ayyukan Python suka dogara da ita, mai suna cryptography, suka saka Rust a cikinta. Kwatsam sai ta daina ginuwa a kan wasu tsofaffin na'urori, irin su Alpha, da PA-RISC na kamfanin HP, da Itanium, da Motorola 68000. Aka yi ta musayar zafafan kalamai. Masu tsofaffin na'urori suka ce an yasar da su rana tsaka. Masu manhajar suka ce su 'yan sa kai ne, ba za su bar miliyoyin jama'a cikin haɗari don tsirarun na'urorin da aka daina ƙerawa ba. Lura da sunayen nan da kyau: Alpha na cikin na'urorin farko da Linux ta ƙaura zuwa kansu, Motorola 68000 kuwa ita ce ta tilasta wa Stallman komawa C.

A nawa ganin, masu manhajar sun fi gaskiya a wannan karo, domin na'urorin da aka ambata galibi a hannun masu sha'awar kayan tarihi da wasu tsofaffin ma'aikatu suke. Amma ban yarda a yi wa kukan ɗaya ɓangaren dariya ba. Duk wanda ya taɓa riƙe wayar da aka ce masa daga wata mai zuwa manhaja kaza ba za ta ƙara aiki a kanta ba, alhali lafiyarta ƙalau, ya san zafin abin. Kuma wanda ke yanke hukuncin, sau da yawa sabuwar na'ura ce a gabansa.

Ita ma Linux ba ta tsira daga wannan taƙaddama ba. A watan Disamban 2022 aka buɗe wa Rust ƙofa a cikinta a matsayin gwaji, abin da C++ bai samu ba cikin shekaru 30. An sha fama, har ɗaya daga cikin jagororin aikin, Wedson Almeida Filho, ya ajiye muƙaminsa a watan Agustan 2024 yana kukan gajiya da jayayyar da ba ta fasaha ba. Ita kuwa curl, gwajin shekaru huɗu ta yi da wani sashe na Rust, ta cire shi a ƙarshen 2024 saboda ƙarancin masu buƙata da masu taimakawa. A watan Disamban 2025, a taron manyan masu kula da Linux a birnin Tokyo, aka amince cewa Rust ya wuce matakin gwaji, ya zama ɗan gida. Amma mafi yawan miliyoyin layukan Linux har yanzu da C suke, kuma wasu 'yan sa kai na ci gaba da aikin koya wa GCC harshen Rust, domin tsofaffin na'urorin nan su ma su samu tafinta.

Shi dai Dennis Ritchie bai ga wannan babi ba, domin ya rasu a watan Oktoban 2011, mako guda bayan Steve Jobs na kamfanin Apple.